Filayen Jama'a A Yankin Janbako: Tarihin Ƙasar Bakolori Da Dokokin Da Suka Hana A Sayar Da Ita

Janbako gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Maradun ta Jihar Zamfara. Yana cikin yankin da aikin noman rani na Bakolori ya shafa, aikin da ya ratsa ƙananan hukumomi uku: Maradun, Talata Mafara da Bakura. A wannan yanki, idan aka ce "filin gwamnati" ko "filin jama'a", ana iya nufin abubuwa da dama waɗanda dokokinsu suka sha bamban. Akwai ƙasar da madatsar ruwa da tafkinta da manyan magudanan ruwa suke kai, wadda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, hukuma ce ta Gwamnatin Tarayya. Akwai gonakin da ke cikin aikin ban ruwa, waɗanda gwamnati ta karɓa ta baje sannan ta sake raba wa manoma. Akwai kuma makiyaya da burtali da mashaya da gandun daji da hurumin gari, waɗanda suke ƙarƙashin jiha ko ƙaramar hukuma, ko kuma al'ada ce kawai take riƙe da su.

Irin waɗannan filaye ba kasafai ake sa musu farashi a kasuwa a ce ga su na sayarwa ba. Hanyar da suke bi su fita daga hannun jama'a ita ce rabo, ko haya ta shekaru masu yawa, ko takardar mallaka da wani ofishi ya buga wa hatimi ba tare da mutanen wurin sun ji labari ba. Dokokin Najeriya da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun gindaya sharuɗɗa a kan haka, kuma babban sharaɗin shi ne ƙasar da aka karɓa da sunan amfanin jama'a ba a juya ta zuwa amfanin mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. A yankin Bakolori wannan sharaɗi yana da nauyi na musamman, domin an zubar da jini kafin ƙasar ta zama ta gwamnati.

Kafin zuwan dam

Tsarin riƙe ƙasa a ƙasar Hausa ya daɗe da bambanta abin da yake na gida da abin da yake na gari. Gandu na iyali ne, gayauna ta ɗan gida ce ko matar gida, kuma gona tana canza hannu ta gado ko aro ko jingina ko kyauta ko saye. Amma daji da makiyaya da burtali da mashaya da maƙabarta da filin Idi da filin kasuwa ba su shiga rabon gado, ba kuma mai unguwa ko dagaci ne ya mallake su ba, tsaron su aka ba shi.

Malaman Daular Sakkwato sun rubuta a kan wannan. Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi, wanda ya yi bayani a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. A fiƙihun Malikiyya da ya dogara da shi, shugaba yana da damar keɓe wani yanki domin maslahar al'umma, kamar kiwon dabbobin talakawa, amma ba domin kansa ba, kuma ba yadda zai ƙuntata wa mutane ba. Haka nan kowane gari yana da kewayen da mutanensa ke samun itace da ciyawa, wanda ba a ba wa mutum ɗaya. Kalmar "hurumi" da ake amfani da ita har yau tana ɗauke da wannan ma'ana.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sai suka kafa kwamiti a 1908 ya duba batun ƙasa a Arewa. Daga nan aka samu dokar 1910, aka sake fasalinta a 1916, wadda ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari a dokarta ta 1962, ta mayar da ikon hannun minista. A 1965 kuma ta yi dokar makiyaya, wadda ta ba da damar keɓe filayen kiwo a buga su a gazet. Abin lura a nan shi ne, tun daga 1910 manufar "amana" take cikin doka, amma wanda aka ba amanar shi ne kuma mai ikon raba ƙasar, kuma ba a tanadi wanda zai riƙa bin sawunsa a ƙauye ba.

Ga mutanen bakin kogin Sakkwato, dukiyar da ta fi kowace daraja ita ce fadama. Ambaliyar damina tana kawo ruwa da taɓo mai taki, a shuka shinkafa, idan ruwa ya janye a yi albasa da tumatir da rogo da dankali da taba, masunta su kama kifi a tafkunan da ruwa ya bari, Fulani su shigo da shanu bayan girbi. Fili ɗaya yana ciyar da rukunin mutane uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa. Babu takardar da ta rubuta wannan tsari, kuma rashin takardar ya zama matsala ranar da injiniyoyi suka zo.

Yadda ƙasar ta zama ta gwamnati

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan kwarin Sakkwato da Rima, inda ta ba da shawarar a gina ƙaramar madatsa a Bakolori, a kuma bi aikin ban ruwa sannu a hankali. Sai kuɗin man fetur ya shigo, fari na farkon shekarun 1970 ya tsorata hukumomi, tunani ya sauya. Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka faɗaɗa aikin ya zama babban dam, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda ke da alaƙa da kamfanin Fiat, kwangilar ginawa. An kammala dam ɗin a 1978. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 5 da rabi, tafkinsa ya mamaye kusan hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mai yawan kubik mita miliyan 450. An tsara zai shayar da kimanin hekta 23,000: wajen hekta 15,000 ta hanyar bututun feshi, wajen 8,000 kuma ta magudanan ruwa, wato abin da manoma ke kira kanal.

Rukunin mutane uku ne suka biya farashin wannan aiki, kuma kowane rukuni da irin asararsa.

Na farko su ne waɗanda tafki ya cinye garuruwansu da gonakinsu, kimanin mutum 13,000, waɗanda aka kwashe zuwa sabbin matsugunai, ciki har da sabon garin Maradun. An ɗauke su daga fadama aka kai su tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka bari albarka ba.

Na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin yankin ban ruwa, a ɓangaren Talata Mafara da Bakura da Maradun. Su ba a ce an kore su ba. Alƙawarin da aka yi shi ne za a karɓi gonakin, a baje su, a haƙa magudanai, sannan a mayar wa kowa daidai abin da aka karɓa, ban da abin da hanyoyi da kanal suka ci. Amma katafila ta share kunyoyi da iyakoki, ta tumɓuke ɗorawa da kuka da giginya da mangwaro waɗanda su ne shaidar inda gonar wane ta ƙare ta wane ta fara. Safiyon da aka yi kafin aiki bai kama ainihin masu gonaki yadda ya kamata ba, balle wanda yake noma da aro ko jingina. Manoma da yawa sun yi damina biyu ko uku ba su shuka komai ba suna jiran a gama baje ƙasa, diyyar amfanin gona da ta itatuwa kuma ta yi jinkiri ko ta zo ba daidai ba. Da aka fara mayar da gonaki, wani ya samu ƙasa da abin da ya bayar, wani ya tarar an rubuta sunan wani a wurinsa. Waɗanda yunwa ta matsa wa suka sayar da rabonsu da araha ga masu hali, 'yan kasuwa da ma'aikata daga birni. Wato tun aikin bai fara ba da amfani ba, wani ɓangare na ƙasar da aka karɓa domin talaka ya riga ya koma hannun mai kuɗi, kuma ta hanyar ciniki wanda a takarda babu laifi a cikinsa.

Na uku su ne mutanen da ke ƙasa da dam, waɗanda ba a taɓa gonakinsu ba amma aka tare musu ambaliya. Masanin nan na Jami'ar Kambirij, William Adams, wanda ya yi bincike a yankin, ya ƙiyasta cewa daga cikin hekta 19,000 na fadamar da ke ƙasa da dam, noman shinkafa ya ragu da kimanin hekta 7,000, noman rani kuma da kimanin 5,000. Su ba su shiga lissafin diyya ba, tunda a ido ba a karɓe musu komai ba.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin da ke zuwa wuraren aiki, suna hana motocin kamfani wucewa. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa (Zamfara tana cikin Sakkwato har zuwa 1 ga Oktoba, 1996), ya gana da su ya yi alƙawarin duba kokensu. A ƙarshen watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan yankin, musamman Birnin Tudu, suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu bincike da 'yan adawa na lokacin sun ce adadin ya haura 380. Wannan ya faru ne a ƙarƙashin mulkin farar hula, watanni kaɗan bayan Shehu Shagari, ɗan jihar, ya hau kujerar shugaban ƙasa. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta a kan lamarin a 1985, kuma har yau sunan Bakolori yana cikin misalan da ake kawowa a duniya idan ana maganar illar manyan madatsun ruwa ga ƙananan manoma.

Abin da ya biyo baya bai kai girman alƙawarin ba. Tsarin feshi yana buƙatar wutar lantarki da famfuna da kayan gyara daga waje, kuma ya durƙushe. Zuwa farkon shekarun 2000, abin da ake nomawa da ruwan dam bai wuce kimanin hekta 7,500 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara. Dubban hektocin da aka yi wa tanadin feshi suka koma noman damina, bututun da ke binne suka lalace ko aka kwashe. Irin wannan fili, wanda gwamnati ta kashe kuɗi a kansa amma bai yi aikin da aka nufa ba, shi ne wanda ake saurin kira "filin da ba a amfani da shi" idan mai zuba jari ya zo, ko da kuwa akwai gero da dawa a kansa kowace damina.

Abin da dokar 1978 ta ce

A shekarar da aka kammala dam ɗin, ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Ita ce ke aiki har yau, kuma an ɗaure ta a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 315, yadda ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa.

Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Sashe na 49 ya keɓe ƙasar da Gwamnatin Tarayya ko hukumominta suke riƙe da ita a lokacin da dokar ta fara aiki, wadda ta ci gaba da zama tasu. Wannan yana da muhimmanci a Bakolori: abin da yake na Hukumar Raya Koguna ba gwamnan Zamfara ne zai raba shi ba, balle shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a ƙasar da ba ta birni ba, amma ya sa iyaka: ba ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo sai da amincewar gwamna. Hekta 500 ba ƙaramin fili ba ne a yankin da manomi ke riƙe da hekta ɗaya ko ƙasa da haka, don haka wannan iyaka ta fi kama da ƙofa a buɗe. Sashe na 36 kuma ya amince da wanda yake noma fili a karkara tun kafin dokar, yana da haƙƙin ci gaba da riƙe shi ko ba shi da takarda. Manoma da yawa ba su san da wannan sashe ba, kuma shi ne garkuwarsu ta farko idan wani ya zo da takardar mallaka a kan gonar da suka gada.

Sashe na 28 shi ne wuƙar. Ya ba gwamna ikon soke haƙƙin kowa a kan fili idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya, da sharaɗin a ba mai filin sanarwa a hukumance. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da amfanin gona da aikin gyara, ban da ƙasar kanta. Idan diyyar ta al'umma ce, gwamna yana iya cewa a biya al'ummar, ko shugabanta, ko a zuba a wani asusu. Wanda ya san yadda kuɗin diyya ke tafiya idan ya bi ta hannu uku kafin ya kai ga mai gona zai gane inda wannan tanadi yake da rauni.

Kotuna ne suka takaita wuƙar. A 1974, tun kafin dokar, a shari'ar Ereku da Gwamnan Soja na Jihar Tsakiyar Yamma, Kotun Ƙoli ta soke karɓar wani fili a yankin Warri da gwamnati ta yi da sunan amfanin jama'a sannan ta ba wani kamfani mai zaman kansa haya. Kotun ta ƙi amincewa da hujjar cewa kamfanin zai samar da ayyukan yi, don haka amfaninsa amfanin jama'a ne. A 1991, a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance Corporation, kotun ta sake tabbatar da cewa ba a soke haƙƙin mutum domin a miƙa filin ga wani mutum ko kamfani, kuma sokewar da ba a ba mai fili sanarwa ba ba ta da inganci. Gwamnatoci sukan kauce wa wannan ta hanyar shiga cikin kamfanin da hannun jari, ko su kira aikin "bunƙasa noma" ko "bunƙasa masana'antu", kalmomin da dokar ta lissafa a cikin ma'anar amfanin jama'a. Saboda haka kowace shari'a tana tsayawa ne a kan hujjojinta. Amma tushen hukuncin yana nan, kuma lauyan da ke kare manoma da shi yake farawa.

Hanyoyin da fili ke sulalewa

A Zamfara, asarar filayen jama'a mafi girma bayan Bakolori ta faru ne a makiyaya da dazuzzuka. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, an sare manyan yankuna na daji da wuraren kiwo an raba su gonaki, kuma masu bincike a kan rikicin jihar sukan ambaci dajin Kuyambana a Ƙaramar Hukumar Maru da yankin Gidan Jaja a Zurmi. An yi hakan da sunan bunƙasa noma, amma manyan rabo sun tafi ga masu faɗa a ji. Rugagen da suka daɗe a wuraren suka watse, burtali ya toshe, shanu suka rasa hanyar zuwa mashaya sai ta cikin gona. Ƙungiyar nazarin rikice-rikice ta ƙasa da ƙasa, International Crisis Group, a rahotonta na 2020 a kan Arewa maso Yamma, ta lissafa wannan rabo a cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin manoma da makiyaya, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga. Ba shi kaɗai ne sanadi ba, akwai zaluncin kotuna da 'yan sanda, da rikicin 'yan sa-kai, da haƙar zinare, da kwararowar makamai. Sai dai shi ne sanadin da aka sa wa hannu a ofis.

A 2019 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta sanar da soke rabon gonakin da aka yi a cikin makiyaya, ta kuma fara gina rugar zamani a Maradun. Sanarwar soke rabo abu ne mai sauƙi. Mayar da fili yana buƙatar taswira, da turakun iyaka, da gazet, da jami'in da zai iya shiga dajin. A faɗin Najeriya, alƙaluman da Gwamnatin Tarayya ta saba bayarwa sun ce akwai makiyaya 415, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka buga a gazet. Wadda ba a buga ba, kariyarta a gaban kotu kaɗan ce.

Hanya ta biyu ita ce ta hukumomin raya koguna. Tun ƙarshen shekarun 1980, a zamanin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Ibrahim Babangida, aka cire su daga yin noma da kansu, aka sayar da kadarorinsu da ba na ruwa ba, aka sa su a jerin hukumomin da za a mayar su riƙa neman kuɗin shiga. Wannan manufa tana nan, gwamnatoci suna sabunta ta. Hukumar da aka ce ta ciyar da kanta, kuma babban abin da ta mallaka shi ne ƙasa da ruwa, dole idonta ya koma kan ba da haya ga manyan kamfanoni. An ga yadda hakan ke ƙarewa a Gassol ta Jihar Taraba, inda aka ware wa kamfanin Dominion Farms na Amurka kimanin hekta 30,000 domin noman shinkafa, a yankin da ƙananan manoma suka daɗe suna noma a filayen aikin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama. Manoman sun koka cewa ba a tuntuɓe su ba, aikin kuma ya tsaya ba tare da shinkafar da aka yi alƙawari ba. A Jigawa, ware kimanin hekta 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtansa ga kamfanin Lee Group domin noman rake ya jawo zanga-zangar manoma da ƙararraki a kotu a zamanin Gwamna Badaru Abubakar.

Kano ta nuna wani ɓangaren na matsalar, wato tsadar gyara bayan an riga an sayar. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da hawansa mulki, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa aka rushe gine-ginen da aka yi a filayen gwamnati da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta bayar, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta umarci jihar ta biya masu shagunan Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. Jama'a sun yi asara sau biyu, lokacin da aka sayar da lokacin da aka biya diyyar rushewa, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne ƙananan 'yan kasuwar da suka saya daga hannu na biyu ko na uku.

Abin da ke kare filin a yau

A watan Yunin 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495.3 domin shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, kuma Bakolori tana cikin wuraren da aka zaɓa, tare da na Goronyo, Kogin Kano, Kwarin Haɗejiya da Dadin Kowa. A Bakolori an nufi gyara magudanai da mayar da wani ɓangare na tsohon yankin feshi zuwa ban ruwa ta kanal. Abin da ya fi shafar batun mallaka a shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ɗora wa kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. Kafin a tara kuɗin ruwa dole a san wa ke noma wane fili da girmansa. Rajistar da aka yi domin karɓar kuɗi ita ce kuma shaidar da manoman 1979 ba su da ita. Rasit ɗin kuɗin ruwa na shekaru a jere, da sunan manomi da lambar filinsa, hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban alƙali.

Sai dai gyara yana ƙara wa ƙasa daraja, kuma filin da ruwa ya dawo masa ya fi jan idon mai saye. A 2024 Bankin ya amince da wani sabon shiri na dala miliyan 500 a kan madatsun ruwa da ban ruwa a Najeriya, abin da ke nuna cewa kuɗi zai ci gaba da shiga wannan fanni.

Akwai wasu dokoki biyu da al'umma za ta iya riƙewa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati amsa buƙatar bayani cikin kwana 7, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tana ƙarƙashinta. Kowane ɗan ƙasa yana iya neman taswirar filayen hukumar, da jerin waɗanda aka ba haya, da tsawon wa'adi da kuɗin da suka biya. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma ta wajabta yin bincike kafin a buɗe babbar gona mai hekta 500 ko fiye, ko aikin noma da zai tayar da iyalai 100 ko fiye. Babban aikin da aka fara ba tare da wannan bincike ba ana iya ƙalubalantarsa.

Duk wannan yana buƙatar mutane su kasance a kan ƙasarsu, kuma a nan ne matsalar tsaro ta shigo. A watan Yunin 2023 'yan bindiga sun kai hari Janbako da maƙwabciyarta Sakida, suka kashe sama da mutum ashirin. Hare-hare da garkuwa da mutane da harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma kafin shuka ko girbi sun sa an bar gonaki da dama a Maradun da Bakura da Talata Mafara, masu su sun koma cikin gari ko sun bar jihar. A al'adar ƙasar Hausa, gonar da aka bari ta koma saura shekaru da yawa, dagaci yana iya ba wani ya noma. An yi wannan al'ada ne domin wanda ya yi ƙaura da son ransa, ba a yi ta da wanda bindiga ta kora ba, kuma dokar 1978 ba ta yi wani tanadi na musamman a kan gonar ɗan gudun hijira ba. Wanda ya gudu yakan sayar da araha domin ya ciyar da iyali ko ya haɗa kuɗin fansa, kamar yadda na 1979 suka sayar domin yunwa. Burtali da makiyayar da babu mai iya zuwa ya duba turakunsu kuwa, ana iya raba su a takarda daga Gusau ko daga sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma sai ranar da zaman lafiya ya dawo mutanen wurin za su ga shinge.